Daga Agadas zuwa Bilma: babbar taya da ƙarhin pon

Garin Agadas shi ne ƙofar hamada. Wanda ya hito daga Damagaram ta Tanut, ko daga Tawa ta Abalak, zai hangi hasumiyar babban masallaci tun daga nesa, tsawonta mita 27. In aka dubi gabas daga nan, babu sauran kwalta. Sai duwatsu da rairayi har Dirku, tahiyar da ta hi kilomita 600. Daga Dirku zuwa Bilma, garin kantu da dabino, kamar kilomita 45 ne.

Kahin mota ta kama wannan hanya, sai ta kwana wurin makaniki. A nan ne ake jin gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin direbobi. Samari suna cewa a cire tayar da mota ta zo da ita, a sa wadda ta hi ta tsawo da faɗi, don kada mota ta kahe cikin rairayi. Tsohhin makanikai su kuwa sai su buga ƙarhen da ke ƙarƙashin mota, su ce a tambayi wannan tukuna.

Wannan ƙarhe shi ake ce ma pon, a Najeriya kuma aksul. Shi ne ke haɗa ƙafar dama da ta hagu. A tsakiyarshi akwai tulu mai haƙora, inda ƙarhin inji ke shigowa. Daga tulun sanduna biyu na ƙarhe suka hita, kowace tana juya ƙafa ɗaya. Masu ƙera mota sun auna kaurin waɗannan sanduna daidai da girman tayar da suka sa. Ba su yi shi da ka ba.

Motocin jeji da yawa, irin su Land Rover doguwa da Toyota Land Cruiser, sun zo da taya mai lamba 7.50-16. Tsawonta daga ƙasa zuwa sama kamar santimita 80 ne. Wadda ake sha'awa, mai lamba 9.00-16, ta kai kamar santimita 90. A ido bambancin kaɗan ne. To amma kowane manomi ya san doguwar ƙota ta hi gajera saurin karya wuyan hauya. Haka taya take ga sandar pon. Kahin mota ta ja kayan da ta saba ja, sai sandar ta sha murɗa wadda ta ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin takwas. Ga kuma nauyin tayar kanta.

Daga Agadas, farkon hanya yana bin gindin duwatsun Abzin ta kudu, ya wuce Turayat. Ƙasa ce mai tsakuwa da ƙoramu busassu. A nan babbar taya tana da amfani ɗaya na gaske: tana ɗaga tulun pon daga ƙasa da kamar santimita 5, dutse ya rage bugun shi. Amma a nan kuma birki ke nuna gazawa. In mota ta gangara ƙorama da kaya, doguwar taya ta hi wuyar tsaidawa, don ƙarhin birkin bai ƙaru ba.

Bayan kamar kilomita 250 sai a iso wurin Iccen Tenere. Da can icce ne guda ɗaya tak, tsaye kusa da rijiya, babu wani a kewayenshi. Ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri da shi suke gane hanya. A shekarar 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Aka kwashe shi aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa na ƙarhe a gurbinshi.

A wurin nan hanya ta rabu. Ayari yana bi ta Fashi zuwa Bilma, motoci da yawa kuma suna bi ta rijiyar Ashegur zuwa Dirku. Daga nan ne Tenere na sosai ya fara. Babu tudu sananne, babu inuwa, sai hili da rairayi mai laushi. A nan mota ke kahewa, kuma a nan sandunan pon suka hi karyewa.

Ga yadda abin ke faruwa. Mota ta nutse, direba ya ji haushi, ya taka mai har ƙasa. Taya ta yi ta juyawa a banza tana watsa rairayi. Can sai ta taɓa ƙasa mai tauri, ko ƙarhen da karen mota ya tura ƙarƙashinta, ta cije gaba ɗaya. Duk gudun da ta tara sai ya koma kan sandar. A ji ƙas! Inji yana kuka, mota ba ta motsi. Gwargwadon girman taya da nauyinta, gwargwadon ƙarhin wannan bugu.

Ba dukan pon ne ɗaya ba. Tsohuwar Land Rover tana da sanduna masu tsaga 10 a baki, waɗanda suka yi suna wajen karyewa. Daga shekarar 1971 kamfanin ya riƙa sa ma doguwar pon na baya mai suna Salisbury, mai tsaga 24, wanda ya hi ƙwari. Akwai kuma abin lura. Tsakanin 1968 da 1977 kamfanin ya ƙera wata Land Rover mai ɗaukar tan ɗaya, da taya 9.00-16. Bai sa wannan taya a kan pon na kullum ba. Sai da ya sake pon mai ƙarhi, ya kuma rage gudun giya. Ke nan mai mota da kanshi ya ba da amsa.

Wani bambancin shi ne abin da ke biyo bayan karyewa. A Land Rover da manyan Land Cruiser, kwanson pon ne ke ɗauke da nauyin mota, sandar juyawa kawai take yi. In ta karye ana iya zare ta, a lallaɓa da ƙafahun gaba. A ƙananan motoci masu buɗaɗɗen baya irin su Hilux, sandar baya ita ke juyawa, ita ke ɗaukar nauyi. In ta karye kusa da baki, ƙafa tana iya hita gaba ɗaya. Alhali irin waɗannan motoci su ake labta ma mutane da jarkoki da buhuna har su hi ƙarhinsu.

Babbar taya tana kuma sa agogon kilomita ƙarya. In ya nuna 400, an yi 450. Direban da ke lissahin rijiya da agogo zai iya wuce ta bai sani ba. Mai ma ya kan ƙare da wuri, don inji yana wahala.

Tsohhin direbobin Kawar suna da dabarar da ba ta cin ko dala. In sun shiga rairayi sai su rage iskar taya har ta sauko wajen kilo ɗaya da rabi, wani lokaci ƙasa da haka. Taya ta baje, sawunta ya yi tsawo, mota ta bi bisa rairayi kamar tahin raƙumi. In an koma kan duwatsu sai a mai da iska da famfo. Suna tahiya da sanyin sahiya sa'ad da rairayi ke da ƙwari, su huta da rana tsaka. In mota ta kahe, ba su taka mai. Su sauke mutane, su haƙa da shebur, su hita da ƙaramar giya.

Lalacewar mota a hamada ba irin ta hanyar Maraɗi ba ce. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace. Mahi yawansu mata ne da yara, da yawa kuma ƴan ƙasar Kance ne.

Saboda haka amsar gardamar nan a hili take. Pon na asali zai iya jure tayar da ta ɗara tashi kaɗan, in kaya ba su yi yawa ba, kuma ƙafar direba tana da sanyi. In aka haɗa mishi babbar taya da lodi mai yawa da gaggawa, wata rana zai karye, kuma ba ya zaɓen wuri. Mai son babbar taya ya fara sayen pon da birkin da suka dace da ita. Mai shiga mota kuma ya dubi lodi, ya tambayi ko akwai sandar pon ta ajiya, da famfo, da ruwan kwana uku bayan na tahiya, kuma ya tabbata mota ba ita kaɗai za ta kama hanya ba.

In aka wuce Ashegur lahiya, wata rana da marece sai a hangi dogon dutsen Kawar ya miƙe daga arewa zuwa kudu, da duhun itatuwan dabino a gindinshi. Dirku ke nan. Kashegari a isa Bilma, inda ake jera kantu a rana yana jiran ayari. Madugu ba ya ɗora ma raƙumi abin da ya hi ƙarhin bayanshi, shi ya sa ya kan koma gida da gishirinshi.

Allah ya kai matahiya lahiya.