Yadda Tsohon Maharbi Ya Zaɓi Bukkar Dako Ta Amurka

Gidanmu gidan maharba ne. Kakanmu maharbi ne, haka nan baffana, wan mahaifina, wanda har gobe bakansa da kwarinsa suna nan rataye a zaurensa a wani ƙauye na ƙasar Ningi, ko da yake tsirkiyar ta daɗe da tsinkewa. Amma ni tun ina makaranta, in aka tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma, domin a ganina na wancan lokaci harbi aikin mutanen daji ne masu layu da warin hayaƙi. Na gama karatun aikin jarida, na yi shekaru ina bin manyan mutane da rikoda ina roƙon su ce uffan, ban taɓa zama gaban baffana na yi masa tambaya guda a kan sana'arsa ba. Abin da ya zaunar da ni gabansa kuwa daga Amurka ya zo.

Ɗan farin baffa, watau yayana, ya fi shekara goma yana aikin jinya a jihar Wiskonsin. Sa'ad da zai tafi ba su rabu da daɗi ba, domin tsohon ya so ya gaje shi, shi kuwa ya ce ba ya ga daji. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta sa baffa ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa doguwar magana, sai dai ya ce "yaron nan". A watan Agusta na shekarar 2023 sai ga saƙon yaya a wayata, da hotuna uku. Ya ce wani abokin aikinsa mai gona ya koya masa harbin barewa da baka, ya yanki lasin, yana so ya sayi bukkar dako kafin a buɗe lokacin harbi a tsakiyar Satumba. Ya ce, "In ka je gida ka nuna wa Baba, ka ce ya zaɓa mini." Na gane ba bukka kaɗai ake nema ba, saboda haka ranar Asabar na hau mota.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana wa mai karatu abin da ake magana a kai. A Amurka harbi da baka sana'a ce mai doka da lokaci. Jihar Wiskonsin ce ta fara ware wa masu baka lokacinsu na harbin barewa a 1934. Yawancinsu yau suna amfani da baka mai wili a ƙarshensa biyu, wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro a jihar Misuri, aka ba shi takardar mallakar fasaharsa a 1969. Amfanin wilin shi ne, in mutum ya ja tsirkiya ta kai ƙarshe nauyin yakan ragu ƙwarai, har ya iya riƙe ta yana auna nama. Dokarsu ta hana sa dafi a kibiya, don haka tilas kibiyar ta sami huhu ko zuciya, kuma wannan ba ya yiwuwa sai naman ya matso kamar yadi 20 ko 30. Wasu kan hau itace su jira, amma faɗowa daga itace na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharban barewa a can. Wannan ya sa da yawa suka koma ga bukkar dako: ɗan tanti ne mai zanen ganyaye da rassa, ana naɗe shi a jaka a rataya a kafaɗa, in an isa daji a buɗe shi kamar lema cikin minti ɗaya ko biyu. Farashinsa yakan kama daga wajen dala 100 har zuwa 400 ko fiye.

Na tarar da baffa a kan buzunsa bayan La'asar. Muka gaisa, na ce, "Baffa, yaya ne ya aiko a nuna muku wani abu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Lafiyarsa ƙalau?" Na ce ƙalau. Da na gaya masa cewa harbi ya fara, bai ce kome ba, sai dai na ga ya gyara zama. Na buɗe hotunan na ƙara musu girma saboda idonsa ya yi rauni. Ta farko ƙarama ce mai araha, wadda ƙarfen jikinta kan buɗe ta da kanta in an sake ta. Ta biyu mai kusurwa huɗu ce, tsawonta wajen ƙafa 6, tana da sanduna masu lanƙwasuwa da suka haɗu a tsakiyar kowane bango da kuma rufi, in an ja mahaɗar sai bangon ya miƙe. Ta uku ita ce babba mai tsada, mai tagogi kewaye da ita. Ni da za a bar mini zaɓi, ta ukun zan nuna, don ta fi kyan gani.

Baffa bai dubi kyau ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Mutum zai iya jan baka a ciki?" Ya miƙa hannun hagu gaba, ya ja na dama baya har gwiwar hannunsa ta wuce kafaɗa, ya ce in duba filin da ya ci daga yatsunsa zuwa gwiwar. Ya ce in gwiwar hannu ta taɓa bango, ko kan baka ya taɓa rufi, to an gama, nama ya ji. Nan take ya fid da ta farko. Ya kuma tambayi tsawon tagar daga ƙasa, ya ce kibiya a ƙasa da ido take kwanciya, saboda haka ido yana iya ganin nama sarai alhali kan kibiya yana fuskantar bakin taga. Ya ce a gaya wa yaron nan ya tafi kanti da bakansa da kujerar da zai zauna a kai, ya shiga, ya zauna, ya ja. Daga baya da na karanta abin da ƙwararrun can suke rubutawa, na tarar wannan ita ce shawararsu ta farko, kuma bukkokin da suka fi yaba wa mai baka su ne masu faɗin wajen ƙafa 6 daga bango zuwa bango.

Tambaya ta biyu, "Cikinta duhu ne?" Na duba na ce ta biyun an shafe cikinta da baƙi. Ya kaɗa kai. Ya ce nama motsi yake gani, kuma babu motsin da ya kai jan baka girma, don haka maharbi yana bukatar duhun da zai ja bakansa a ciki. Ya ce kada a buɗe taga gaba da baya a lokaci guda, domin haske zai ratsa ya zana mutum kamar inuwa a jikin labule. A buɗe ɗaya ko biyu ta wajen da ake sa ran nama, a zauna can baya, a sa baƙar riga. A nan ne ta uku ta fara faɗuwa, don yawan tagoginta fitina ne ga sabon maharbi mai son ya ga ko'ina. Masana dabbobi sun tabbatar da cewa barewar Amurka ba ta rarrabe ja da ruwan lemo sosai, amma tana ganin shuɗi ƙwarai, kuma idonta yana kama motsi da sauri. Baffa bai san wannan bincike ba, shekara arba'in na zaman dako ne suka koya masa.

Ta uku ita ce, "Tana magana?" Ban gane ba sai da ya ce, yana nufin ko tana ƙara. Na karanta masa bayanin: tagogin ta ukun da zif ake buɗe su, wasu kuma da irin mannen nan na takalman yara mai ƙara in an ɓalle shi. Na ta biyun kuwa ja ake yi su zame a hankali, ko a saƙala su da ƙugiya. Ya yi dariya ya ce wanda zai buɗe zif gaban barewa gara ya buga mata ganga. Ya ƙara da cewa a duba ƙyallen, kada ya zama mai ƙyalli in rana ta haska shi, kada kuma ya zama sakwa-sakwa mai kaɗawa in iska ta taso, a kuma kafe shi da turaku da igiya. Na gaya masa akwai raga kamar ta gidan sauro a bakin tagar, wadda ake iya harbi ta cikinta. Ya ce shi bai yarda a sa wani abu tsakanin kibiya da nama ba sai an gwada tukuna. Su ma masu sayarwa suna gargaɗi cewa kan kibiya mai wuƙaƙen da ke buɗewa bai dace da ragar ba, sai mai wuƙaƙe kafaffu.

Ya zaɓi ta biyu. Na ɗauka an gama, har na fara rubuta wa yaya amsa, sai ya ce in dakata, abin da ya fi muhimmanci ba ya cikin hoton. Ya sa aka ɗauko masa wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya ce toka yake zubawa a ciki, in ya isa wurin dako ya ɗan kaɗa ta ya ga inda iska ta nufa. Ya ce hancin nama ya fi idonsa, kuma babu ƙyallen da ke tare warin mutum, saboda haka a kafa bukka inda iska ke tasowa daga wajen nama zuwa wajen maharbi, in ta juya a tashi a koma gida. Na tuna yaya ya taɓa nuna mini wata 'yar kwalbar hoda da ake sayarwa a can don wannan aiki daidai. Sa'an nan ya kawo zancen burtu. Ya ce dalilin da ya sa maharbi ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya irin ta tsuntsun shi ne, gada da barewa sun saba ganin burtu yana kiwo kusa da su, ba su gudunsa. Haka bukkar nan take: baƙuwa ce a dajin, sai nama ya saba da ita. A kafa ta mako biyu ko uku kafin ranar harbi, a jikin kurmi, a lulluɓe ta da rassan itatuwan wurin, a tafi a bar ta. Maharban can ma haka suke cewa game da barewa, ko da yake talo-talon daji bai cika damuwa da sabuwar bukka ba. Da yake gonar ta abokin yaya ce, barin bukkar a wurin bai zama matsala ba.

Da ya gama, sai ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina: "Har yanzu suna da nama da yawa haka?" Na gaya masa abin da na sani. Wajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, an ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba. Yau ana ƙiyasta ta da wajen miliyan 30. Dalili kuwa, an hana harbin nama don sayarwa, an yanka lokacin harbi da adadin da mutum zai kashe, kuma tun 1937 aka yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji, a 1972 aka shigar da baka da kibiya ciki. Ya yi shiru. Ya ce a zamaninsu harbi aikin rani ne, da damina noma ake yi nama ya hayayyafa, kuma shi bai taɓa sakar wa uwa mai ɗa kibiya ba. Ya ce rabon da ya ga sawun gwanki ya manta, gonaki da masu gawayi da bindiga sun cinye dajin. Ban sami abin da zan ce masa ba.

Yaya ya sayi bukkar, ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen Oktoba na sake zuwa gida, sai ga wayarsa, na buɗe murya don baffa ya ji. Ya ce da asuba ya shiga bukka cikin sanyi, wajen ƙarfe bakwai wata barewa ta fito ta tsaya bai fi yadi 20 ba, ko kallon bukkar ba ta yi ba. Ya ja baka, gwiwar hannunsa ba ta taɓa kome ba. Yana cikin aunawa sai ya ji iska ta taɓa ƙeyarsa. Barewar ta ɗaga kai, ta buga ƙafa, ta yi huci, ta ɗaga farar wutsiyarta ta shige kurmi. Ya ce da ya fito tun da safe ya lura iskar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, amma ya ƙi komawa.

Baffa ya yi dariya har da tari. Bai karɓi wayar ba, ni ya duba, ya ce, "Gaya wa yaron nan yau ya fara harbi. Ni ma haka ta yi mini sau uku kafin in yarda da maganar kakanku." Can ɗaya gefen aka yi shiru, sa'an nan na ji yaya ya ce, "Na ji, Baba." Da zan tafi baffa ya miƙo mini 'yar jakar fatar nan, ya zazzage ta, ya ce in ba duk wanda zai je can ya kai masa, toka kam akwai ta ko'ina. Ni kuwa tun daga ranar, duk zuwan da na yi gida da rikodata nake tafiya, kuma yanzu in aka tambaye ni sana'ar gidanmu, harbi nake cewa.