Ba Sakarci Ba Ne, Damuwa Ce

Yau wani kuskure da na tafka nake so in ba ku labarinsa, ko Allah Ya sa wata ta tsira daga irinsa.

A daminar 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, na je duba ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da Dambatta. Watan Agusta ne, gero bai nuna ba, rumbu ya kusa komawa fanko. Maigidanta ya ci bashin taki, ga goyo mai yawan zazzaɓi, ga surfe da ɗiban ruwa da sanwar gandu duk a kanta.

Yarinyar da na sani da kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ta haddace izu biyar a Islamiyya, ita ce na gani ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. Ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kai ta. Na miƙa mata alkakin da na yi mata tsaraba daga Kano, wanda da har faɗa muke yi a kansa, ta gutsura ta ajiye ta ce, "Yaya, wallahi yanzu komai ɗanɗanonsa ɗaya a bakina." Mutanen gida na cewa sakarci ne, maƙwabta na cewa sammu ne. Ni kuwa da ya kamata in ja ta a jiki, sai na daka mata tsawa na ce, "Ke wai ina hankalinki ya tafi?" Ba ta tanka ba, sai hawaye. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai, na shiga tambaya da karance-karance. Ashe ruwa ba ya tsami banza. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da wani sinadari mai suna kotisol idan mutum ya shiga tashin hankali. In na ɗan lokaci ne, amfani yake yi, shi ya sa ba kya manta ranar da kika ga maciji a rumbu. Amma in damuwa ta zauna wata da watanni, sai ya zama illa. A 1968 wani masani a Amurka, Bruce McEwen, ya gano cewa irin wannan sinadari yana kama wani sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, wanda shi ke ɗaukar sabon abu ya adana. Daga baya aka ga ɓerayen da aka takura wa na tsawon mako uku, rassan jijiyoyin wannan sashe sun tsuke, koyonsu ya ragu. To kin ji inda gishiri biyu ya samo asali.

Batun alkaki kuma fa? A 1987 wani masani a Ingila, Paul Willner, da abokan aikinsa suka yi ta damun ɓeraye da 'yan ƙananan abubuwa, yau a karkata musu keji, gobe a bar musu fitila kwana. Babu duka, babu rauni. Bayan 'yan makonni sai ɓerayen suka rage marmarin ruwan sukari da suka saba rububinsa. Akwai wata hanya a ƙwaƙwalwa da ke aiki da sinadarin dofamin, ita ke sa mutum ɗokin abu da ƙwazon nemansa, kuma ita ke sa abin da ya yi daɗi ya zauna a ka. Doguwar damuwa tana dusashe ta. Ku duba fa 'yan uwa, ba wata babbar masifa ba ce, ƙananan abubuwa ne na kullum, irin waɗanda mace ke haɗiyewa ta ce ba komai.

Abin farin ciki shi ne ba a nan ake dawwama ba. Ɓerayen nan da aka daina takura wa, jijiyoyinsu sun sake toho. Ƙanwata ma da muka nemi izinin mijinta ta zo wajen Inna ta yi wata guda, ta sami barci, aka karɓar mata goyo, aka kai ta asibiti aka duba jininta, sannu a hankali ta dawo. Ran da na ji ta tana tilawa da asuba, kuka na yi.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma ba duk abu ake binnewa ba. 'Yar uwa, in kin ga mantuwa ta yi miki yawa, barci ya ƙaura, abin da kike so ya daina yi miki daɗi har makonni, ki faɗa wa wadda kika amince da ita, ki je asibiti. A nan Kano akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, kuma zuwa wajensu ba ya nufin hauka. Ki riƙe addu'a, ki haɗa da magani.

Ke kuma uwar miji, ke kishiya, ke yaya irina, kafin ki kira wata sakara, tambaye ta yaushe rabonta da barci mai daɗi. Ki karɓar mata tulu ko da sau ɗaya ne. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.