Wa Zai Hau Karusar Tare da Su?

Cikin yaran da suke makarantun sakandare na Garwa a yau, ba wanda ya san zamanin da babu wayar hannu. An haife su ne bayan waya ta riga ta shiga kasuwa da tasha da majami'a. Da yawansu sun iya shafa fuskar waya da yatsa tun kafin su iya riƙe alli. Malamansu kuwa, galibi da ƙaramin allo da alli suka soma karatu, a rumfar zana ko a inuwar darbejiya. Waɗannan tsara biyu su ne suke haɗuwa kowace safiya cikin aji ɗaya, tambayar da take tsakaninsu kuwa ita ce, wane wuri ya kamata a ba na'ura a cikin karatu?

Akwai wani malamin labarin ƙasa a wata makarantar ikkilisiya a Garwa wanda ya daɗe yana juya wannan tambaya a zuciyarsa. Ya yi fiye da shekara 20 yana koyarwa. Ajinsa yakan haura yara 80: Fulani da Hausawa, Tupuri da Mundang, Fali da Gidar, Kirista da Musulmi a benci ɗaya. Da Faransanci ake koyarwa, da Fulatanci ake ciniki a kasuwa, a gida kuwa kowa da harshensa. Waɗansu 'ya'yan ma'aikatan gwamnati ne ko na kamfanin auduga na SODECOTON. Waɗansu kuwa daga ƙauye aka kawo su, suna zaune wurin 'yan'uwa, sai an sayar da auduga ake biyan kuɗin makarantarsu.

Malamin nan ba ya jin tsoron na'ura, gama ɗan mai bishara ne, ya kuma san ikkilisiya ta daɗe tana aiki da irin waɗannan kaya. Tun 1966 ake jin shirye-shiryen Sawtu Linjiila, waɗanda ake haɗawa da Fulatanci a Ngaundere. A farko daga tashar Addis Ababa ta ƙasar Habasha ake watsa su, kamar yadda ake watsa na Muryar Bishara da ake shiryawa da Hausa a Jos. Mahaifinsa yakan ajiye rediyo a kan turmi, maƙwabta su kewaye. Daga baya kaset ya zo, sa'an nan majigi. Akan ɗaura farin ƙyalle tsakanin itatuwa biyu, a tayar da janareta, ƙauye duka ya fito kallon labarin Yesu.

Amma akwai abin da ya lura da shi tun yana yaro. Idan an gama majigi, mahaifinsa ba ya tashi. Yakan zauna har dare ya raba, yana amsa tambayoyin mutane. Ƙauyen da aka bar wani ya zauna da su haka, akan sami masu bi. Ƙauyen da mota ta kwashe kaya ta tafi a daren, bayan wata guda ba abin da yake saura sai hirar hotuna masu motsi.

Gwamnatin Kamaru ma ta yi nata ƙoƙari. A 2001 aka buɗe ɗakunan kwamfuta na farko a manyan makarantun sakandare biyu na Yawunde, daga nan darasin kwamfuta ya shiga tsarin karatu. A 2016 aka yi shelar za a raba wa ɗaliban jami'a ƙananan kwamfutoci 500,000, aka kuwa soma rabawa a ƙarshen 2017. Duk da haka, abin da ya fi buɗe idon malamin shi ne shekarar 2020. Ran 18 ga Maris na shekarar aka rufe makarantu saboda cutar korona. Aka koma ba da darussa ta talabijin da rediyon gwamnati, waɗansu malamai kuma suka riƙa aika aiki ta WhatsApp. Masu jarrabawar ƙarshe suka koma aji ran 1 ga Yuni, sauran kuwa sai a watan Oktoba.

Da yaran suka dawo, sai malamin ya tarar ajinsa ya rabu. Waɗanda suka koma ƙauye, inda babu lantarki, a gona suka ƙare watannin. Wannan bai ba shi mamaki ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne 'ya'yan gidajen da suke da talabijin da waya da data, gama yawancinsu ba su fi 'yan ƙauyen da wani abin kirki ba. Waɗanda suka ci gaba kaɗan ne, kowannensu kuwa akwai wanda ya zauna da shi a gida. Ɗaya daga cikinsu 'yar wata gwauruwa ce mai sayar da ƙosai, wadda ba ta jin Faransanci ko kaɗan. Kowace rana idan an gama darasin talabijin a gidan maƙwabta, sai uwar ta ce, "'Yata, zo ki faɗa mini abin da mutumin nan ya ce." Dole yarinyar ta juya darasin zuwa Mundang. Inda ta kasa juyawa, nan take gane ba ta fahimta ba, sai ta koma ga littafi.

A shekarar ce kuma aka ga ɗaya fuskar waya. Tambayoyin jarrabawar Bakaloriya suka fita ta WhatsApp kafin ranar rubutu, har sai da aka sake rubuta waɗansu darussan kimiyya. Ɗaliban Kamaru suna kiran irin wannan satar amsa "ruwa". Yaron da ya saba jiran ruwa ya kwararo cikin wayarsa da dare ba zai ƙara haƙa rijiya ba. Daga ƙarshen 2022 kuma aka sami ChatGPT da ire-irensa, waɗanda suke rubuta wa mutum amsa cikin ɗan lokaci. Sai aikin gida ya soma zuwa da Faransanci mai kyau ƙwarai daga hannun yaran da ba su iya haɗa jimla uku a aji ba.

Wata rana ya ba da aiki a kan zaizayar ƙasa. Wani yaro mai hankali, ɗan wani dattijon ikkilisiya, ya kawo shafi biyu ba kuskure ko ɗaya. Malamin bai tsawata masa a gaban aji ba. Bayan an tashi ya kira shi, ya ce, "Ɗana, aikin nan ya yi kyau. To, ka ɗauka ni kakarka ce, ban taɓa shiga makaranta ba. Faɗa mini da Fulatanci, me yake cinye gona?" Yaron ya dubi takarda, ya dubi ƙasa, ya ce, "Malam, ban san yadda ake faɗa ba." Alhali kuwa akwai kwazazzabo a bayan gidansu, yana ƙara faɗi kowace damina, yaron kuma yana tsallake shi kullum a hanyar makaranta. Ya riƙe amsar a hannu, yana taka abin da ƙafa, amma ba wanda ya haɗa masa su biyu.

Saboda haka malamin ya tsai da shawara a kan abu uku.

Na fari, yana goyon bayan dokar da ta hana ɗalibi shiga aji da waya, yadda take a makarantun sakandare na ƙasar. Ba Kamaru kaɗai take da irin wannan doka ba, Faransa ma ta kafa tata a 2018 domin makarantun firamare da ƙananan sakandare. Dalilinsa biyu ne. Waya a aljihu tana jan hankalin yaro ko ba ta yi ƙara ba. Har wa yau, idan aka ce kowa ya fito da tasa, nan take za a san ɗan mai kuɗi da ɗan manomi, ajin da yake ɗaya ya zama biyu. Sai dai ba ya jin daɗin yadda ake farfasa wayoyin da aka ƙwace a waɗansu makarantu. Sau da yawa wayar ta uwa ce, da ita ake karɓar kuɗin da wani ɗan'uwa ya aiko daga Duwala. Gara a kira mai ita a danƙa mata, a kuma yi magana da ita.

Na biyu, na'ura ɗaya ce take shiga ajinsa, ta kowa ce kuma. Ƙungiyar iyaye da zumuntar mata suka haɗa kuɗi aka sayi ƙaramin majigi da batir da faifan sola guda. Dole a yi tanadin batir, domin wutar arewacin Kamaru ta dogara ƙwarai ga madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982. Shekarar da ruwa ya yi ƙasa, kamar 2021, akan yi ta ɗauke wuta unguwa unguwa. Tashoshin hasken rana da aka buɗe a Marwa da Gider a 2023 sun rage wahalar, amma malami mai hankali ba ya jingina darasinsa a kan wutar da ba shi da iko da ita. Yakan sauke abin da yake bukata a gida tun da dare, don kada ya tsaya neman intanet yara 80 suna jira.

Na uku, majigi ba ya wuce minti goma a kunne. Idan darasin kogin Binuwai ne, yakan nuna hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka. Yara su ga gadar Garwa daga sama, su ga filin ƙwallo na Rumde Ajiya, har waɗansu su yi ihu sun gane rufin unguwarsu. Sai ya bi kogin da su daga tuddan Adamawa, ta tafkin Lagdo, ya wuce Garwa ya shiga Nijeriya ta Yola da Makurdi, har Lakwaja inda ya haɗu da Kwara, tafiyar kimanin kilomita 1,400. A nan suke gane yadda jiragen ruwa suke hawowa har Garwa da damina a zamanin kakanninsu, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Babu zanen alli da zai nuna wannan haka. Daga nan sai ya kashe majigi. Kowa ya zana kogin da hannunsa, ya bayyana wa na kusa da shi da harshen da suka ga dama, sa'an nan ya rubuta da Faransanci. Wani lokaci kuma yakan kawo wani labari da yake yawo a WhatsApp, ya sa su gwada shi da littafin taswira, su faɗi ko gaskiya ne, su kuma faɗi yadda suka sani.

Abin da ya gani a ajinsa, an gan shi a wurare masu nisa. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ɗaruruwan dubban kwamfutoci, amma da aka bincika, ba a ga lissafinsu ko karatunsu ya ƙaru ba. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 a kan fasaha cikin ilimi ya kawo wannan misali, ya kuma yi gargaɗi kada na'ura ta ɗauki matsayin malami.

Malamin kuwa yakan ce ya riga ya karanta wannan darasi a Ayyukan Manzanni sura 8. Mutumin Habasha babban ma'aji ne, yana da karusa, yana kuma da littafin Annabi Ishaya a hannunsa, a zamanin da mallakar littafi sai mai dukiya. Ya iya karatu sarai, har yana yi da murya. Duk da haka ya yarda bai fahimta ba, sai an sami mai bi da shi. Ubangiji kuwa mutum ya aika masa. Filibus ya sheƙa a guje, ya yi tambaya, ya hau karusar ya zauna kusa da shi, ya soma daga inda mutumin ya tsaya. Yaran yau suna da karusa mai gudu, da littattafan duniya duka a tafin hannu. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna kusa da su.

Don haka ikkilisiyar da take shirin sayen kwamfuta domin makarantarta, ya kamata dattawa su fara tambayar kansu. Wa zai koyar da ita, an kuwa horar da shi? Ana biyan albashinsa a kan kari? Ina wuta, wa zai gyara idan ƙurar hunturu ko zafin watan Afrilu ya lalata ta? Ba a rasa makarantun da aka rufe kwamfutocinsu da ƙyalle aka kulle ɗaki, sai ranar da baƙi suka zo ake buɗewa. Kuɗin da aka zuba a nan, da ya riƙe malami nagari shekara guda.

Iyaye kuma kada su ce ba su yi boko ba, don haka ba ruwansu. Mahaifin da ya saya wa ɗansa waya bai gama aikinsa ba. Bayan tuwon dare, kafin addu'ar iyali, sai a tambayi yaro abin da ya koya yau, a sa ya faɗe shi da harshen gida, a saurare shi har ya kai ƙarshe. Wannan ba ya bukatar data ko lantarki. Ubangiji ya ba malamai da iyaye haƙurin yin haka.