Kaka da Hunturu a Kankiya da Kusada: Daɗin Sanyi Yana Cikin Rumbu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a ƙarshen watan Oktoba, da zarar ya wuce Tsanyawa ya shiga ƙasar Kusada, zai ga kaka da idonsa. An riga an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, harawar wake da ta gyaɗa kuwa an ɗora ta a kan bishiyoyi don kada awaki su kai gare ta. Daga Yashe har Kankiya, amalanken shanu ne ke kai da komowa ɗauke da dammunan hatsi.

A wannan lokaci tukunyar uwargida ba ta rasa abin dafawa. Ga dafaffiyar gyaɗa, ga dankali, ga kabewar miyar taushe, ga furar sabon gero wadda ƙamshinta ya bambanta da na tsohon hatsi. Zoɓo ma lokacin tsinkarsa ke nan, a shanya shi a ajiye har azumi.

Kafin Disamba ta raba, iska ta juya. Takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe gari da hazo. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, kwalbar man kaɗanya ta fito. Da asuba teburin mai shayi a bakin titin Kankiya yakan cika da direbobi naɗe da rawani, kowa na neman mai citta da kanumfari. A cikin gida kuwa ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka ne sarki, sai koko da ƙosai. Da hantsi yara su fito da tallan rake, magarya da soyayyiyar fara mai yaji.

Dare shi ne na hira. A tara karan dawa a hura wuta, dattawa na jin ɗumi, kaka na ba jikoki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Aikin gona ya ƙare, saboda haka yanzu ne lokacin bukukuwan aure, da dambe da kokawa a dandali.

Sai dai duk wannan daɗi rumbu ne tushensa. A kaka hatsi ya fi araha, kuma a kaka ne buƙatu ke taruwa: kayan ɗaki, kuɗin makaranta, bashin taki. Manomi ya sayar da buhu da rahusa, 'yan kasuwa su loda zuwa Dawanau, sa'annan a watan Yuli ko Agusta ya koma kasuwa yana auno tiya da tsada. Maigida, a fara fitar da zakka, ɗaya bisa goma ga noman damina idan ya kai nisabi, a ware abincin shekara, sauran a sayar kaɗan-kaɗan. Wake kuma a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam. Ƙwari ba sa rayuwa a ciki, ba sai an sa magani ba.

A kula da wuta ma. Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa. Iskar hunturu kuma ba ta yi wa dangar kara da wasa.

Idan ɗumame ya yi saura, akwai almajirin da ya kwana a zaure ba bargo. A tuna da shi. Allah Ya sa mu ga kakar baɗi lafiya.