Jirgin mai gyaran rediyo na Lamorde

A Lamorde, ƙetaren gadar Kennedy a birnin Yamai, akwai wani mai gyaran rediyo. Yana da ƙaramin jirgin sama na wasa. Faɗinsa kamar mutum ya buɗe hannuwa biyu. Inji biyu gare shi masu shan mai, guda a fiffiken dama, guda a na hagu. Ba kowa a ciki. Daga ƙasa yake tuƙa shi da wani ɗan akwati mai aika umurni ta iska. Shekara guda ya yi yana tara kuɗinsa.

Wata Lahadi da la'asar ya kai shi fili kusa da kogi. Yara suka taru. Jirgi ya tashi lafiya. Can sai ƙararsa ta canza, injin hagu ya mutu. Nan take hancin jirgi ya karkata hagu. Mutumin ya firgita. Ya ƙara wa injin dama wuta, ya ɗaga hanci sama don kada jirgi ya faɗo. Sai jirgi ya kife, ya bugi ƙasa dab da yaran. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma tun farko bai kamata a bar yara kusa haka ba.

Cikin masu kallo akwai wani tsoho mai kwalekwale. Ya ce: "Ɗana, in kana tuƙi da filafili ta dama kaɗai, ina kwalekwale ke nufa?"

Ya ce: "Hagu, Baba."

"In ka ƙara ƙarfi fa?"

"Sai ya yi ta kewaya."

Tsoho bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma ya gano cutar. Mai noma da shanu ma ya san ta. In san hagu ya tsaya, na dama yana ja, garma wajen na tsaye take komawa. Dukan mai ja ba ya miƙe kunya.

To, mene ne magani? A wutsiyar jirgi akwai wani falle a tsaye, mai juyawa dama da hagu kamar ƙyauren ɗaki. Iska ke bugunsa, ya juya hancin jirgi. In injin hagu ya mutu, sai a karkata wannan ƙyaure dama, wajen inji mai rai, a riƙe shi nan. Sai dai ƙyauren ba shi da ƙarfin kansa. Ƙarfinsa na iska ne. In jirgi na gudu, yana aiki. In gudu ya ragu, injin da ya rage sai ya fi ƙarfinsa. Ɗaga hanci kuwa rage gudu yake. Nan ne mai rediyo ya yi babban kuskure. Da ya sauke hanci kaɗan, ya rage wuta, da jirgi ya sauka a hankali.

Akwai wata wahala kuma. Mai tuƙi daga ƙasa ba ya jin karkata a jikinsa, sai ido da kunne. In jirgi ya fuskanto shi, damar jirgi hagunsa ce.

A manyan jirage abin ba wasa ba ne. Can da ƙafa direba ke taka ƙyauren wutsiya. Ran 6 ga Maris 2003, a Tamanraset ta Aljeriya, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace yana tashi. Ba a naɗe ƙafafunsa ba, hanci yana sama, gudu ya ƙare. Mutum 102 suka rasu, guda ya tsira.

Mai rediyo ya kwashe guntayen jirginsa cikin buhu. Wata biyu yana liƙi. Da ya gama sai ya sake dabara. Da gangan yake zuba wa injin hagu rabin mai, ya kai jirgi can sama sosai, ya jira ya mutu, ya koyi riƙe wutsiya. Gobe kuma na dama. Yanzu kafin ya tashe shi, sai yara sun koma bayansa, tsoho na zaune gindin itace yana tsare su da sanda.