Fatalwa Da Bashin Bakolori

Masu karatu, na daɗe ina nazarin finafinan ban tsoro, na Indiya da namu na Hausa. A nasu, wanda aka kashe yakan dawo fatalwa neman hakkinsa. A namu kuwa mamaci ya tafi ke nan, sai dai aljani ya shiga jikin yarinya, malam ya yi ruƙiyya, fim ya ƙare.

To wa zai nema wa mamatanmu hakki? A 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar Bakolori ya cinye. Daga Maradun har Talata Mafara da Bakura, dattawa ba su manta ba. Ni dai roƙona ga 'yan fim: ko babu fatalwa, ku ɗauki labarin nan tun shaidu suna raye.