Jikkar da Ba Ta Ɓata Ba

Mu ɗaliban ajin ƙarshe, abin da muka zaɓa mu rubuta a littafin bana shi ne wani lissafi da ya kusa raba mu da ɗan'uwanmu, saura sati biyu walimar sauka.

Ajinmu rukuni uku ne. Muka yi shawara kowane rukuni ya kawo jikka 10 ta sefa a sayi sababbin tabarmi, don kada iyayenmu su zauna a kan waɗanda suka yage. Aka haɗa jikka 30, muka damƙa wa ma'ajinmu, wanda shekara uku yana riƙe mana kuɗi ko dala ba ta taɓa salwanta ba.

Ya tafi babbar kasuwar Maradi. Mai tabarmi ya karɓi 30 ɗin, amma da ya ji kayan makaranta ne sai ya mayar masa da jikka 5, ya ce a sa shi a addu'a. Ma'aji ya ba mai amalanke jikka 2 kuɗin dako, ya dawo da 3, ya raba wa kowane rukuni guda.

Bayan sallar isha'i ne wani daga cikinmu ya ce, "Ku tsaya. Kowane rukuni ya ba da 10, an mayar masa da 1, ke nan 9 ya biya. 9 sau uku, 27. A ƙara 2 ta mai amalanke, 29. To ina jikka ɗaya?"

Muka ƙirga da yatsu, muka ƙirga a takarda, 29 dai take fitowa. Babu wanda ya ce ɓarawo, amma kallon da muka yi wa ma'aji ya wadatar. Shi kansa da ya lissafa 29 ya samu. Washegari ya ajiye mana littafin kuɗi, ya ce wallahi bai ci ko tamma ba, amma zai biya daga abin da yake samu a shagon ɗinki. Abin kunya, shiru muka yi.

Da maganar ta kai kunnen Malam, sai ya sa aka kawo ƙwallon dabino 30, ya zube a kan buzu. Ya ce, "Kowane ɗaya jikka ce. Nawa ke hannun mai tabarmi?" Muka ware 25. "Mai amalanke fa?" Muka ware 2. "Ku fa?" Muka ware 3. Ko ɗaya bai rage ba.

Mai lissafin nan ya ce, "Allah gafarta Malam, to 29 ɗin fa?"

Malam ya tura 2 ɗin nan cikin 25, ya ce mu ƙirga. Muka samu 27. Ashe kuɗin dako yana cikin 27 ɗin da muka biya tun farko, mu kuma muka sake ɗora shi a kai, muka ƙirga shi sau biyu. Abin da ya dace a ƙara wa 27 shi ne 3 da ta dawo hannunmu, a samu 30. Kwana biyu muna neman jikka a aljihun bawan Allah, alhali kuskuren yana cikin tambayar da muka yi.

Malam bai yi faɗa ba. Ya dai tuna mana cewa a darasin gado ba mu soma rabo sai mun fitar da bashi da wasiyya, kowane kuɗi da gurbinsa. Ya kuma ce mu je mu sake duba Suratul Hujurati, inda aka umarce mu da bincike kafin yanke hukunci, aka hana mu yawan zato.

A wurin muka tashi ɗaya bayan ɗaya muka nemi gafarar ma'aji. Ya yafe, amma sai da muka yi kwana uku muna roƙo kafin ya sake karɓar littafin. Yanzu kowane shafi gida biyu gare shi, abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma mutum biyu ke sa hannu.

Ƙannenmu masu tasowa, in lissafi ya ƙi fita, ku fara tuhumar lissafin kafin ku tuhumi mutum.